Zauren Turanci: Wai me ya sa ba a cewa informations?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato tilo da jam'i a Turanci, sai ka ce haɗa baki aka yi. Na tsamo guda shida, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri ya duba da kyau, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce, nayi aikin gida na rubuta "I need more informations" da kuma "she gave me many advices", malamin mu ya zagaye su da jan biro ya rage min maki kuma baiyi min bayanin komai ba. Ni dai a sanina in abu ya wuce ɗaya s ake ƙara mishi, to bayanai ai da yawa ne shawarwari ma da yawa ne, ina laifina anan dan Allah?

Amsa: Ƙanwata laifinki kaɗan ne, kuma ki kwantar da hankalinki don ni ma an taɓa kama ni a irin wannan tarkon. Nawa ma ya fi naki ciwo, a takardar neman aiki na rubuta cewa na iya aiki da "equipments" iri-iri, mutumin da ke mana intabiyu ya ɗora bakin bironsa daidai kan s ɗin nan, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, bai ce uffan ba ya juya shafi. Har yau in na ga kalmar sai na tuna wannan kallon.

Abin da ke faruwa shi ne Turanci ya raba sunaye gida biyu, akwai waɗanda ake ƙirgawa ɗaya biyu uku irin su book da chair, akwai kuma waɗanda yake ɗauka a dunƙule kamar yadda ake ɗaukar ruwa ko yashi ko iska, su waɗannan ba su da jam'i kuma ba a sa musu "a" ko "an" a gaba. Har nan babu wahala, ke ma ba kya cewa yashi uku. Inda gizo ke saƙar shi ne kowane harshe shi ke zaɓar abin da zai jefa a kowane gida, kuma ba wani hankali ko lissafi a ciki, ra'ayin harshen ne kawai. Mu a wajenmu shawara ana ƙirga ta, shawara ɗaya shawarwari goma, bayani da bayanai, labari da labarai. Bafaranshe ma informations yake rubutawa da s ɗinta ba wanda zai rage masa maki, Bajamushe ma yana da jam'inta. Turanci ne ya ga dama ya ce shi a wajensa information da advice kamar ruwa suke. Kinga kenan tunaninki daidai yake, da Hausa kika yi shi sannan kika sa masa rigar Turanci.

Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su tuna da kalmar kaya. In kika ce kayan ɗaki kin haɗa gado da kujera da tebur a baki ɗaya, kuma in kujeru uku kike nufi ba za ki ce kayan ɗaki uku ba, kujera uku za ki ce. To haka furniture take, haka luggage da baggage kayan tafiya, haka equipment kayan aiki. Bambancin kawai mu muna da kayayyaki in mun so, su kuma ba su da furnitures ko kaɗan. A wannan gidan za ki tarar da evidence, homework, knowledge, progress, research, traffic, jewellery, machinery, stuff, sai kuma staff wadda ke nufin ma'aikatan wuri gaba ɗayansu, shi ya sa mutum ɗaya ba a staff ba ne, a member of staff ne, kuma staffs in kika rubuta sanduna kika ce ko ma'aikatan wurare daban-daban.

To in ana so a ƙirga fa? Sai a aro ma'auni, yadda ake cewa kofin ruwa biyu. A piece of advice, two pieces of information, three items of luggage. Ko kuma, wanda ni na fi so don ya fi sauƙi a baki, ki sauya kalmar da 'yar uwarta mai ƙirguwa, maimakon advices ki ce tips ko suggestions, maimakon informations ki ce facts ko details, maimakon luggages ki ce bags, maimakon works in ayyukan yi kike nufi ki ce jobs ko tasks. Sannan ki kula da abokan tafiyarsu, many da few na masu ƙirguwa ne, much da little na marasa ƙirguwa, in kin rikice a tsakiyar magana ki kama a lot of ko some, su biyun nan da kowa suke tafiya. Jimlarki ta biyu da kin ce she gave me a lot of advice da jan biron nan bai taɓa ki ba.

Akwai kuma masu fuska biyu, su ne ma suka fi ban sha'awa. Paper takarda ce a matsayin abin da ake rubutu a kai, amma a paper jarida ce ko maƙala, papers kuma takardun shaida. Hair gashin kai gaba ɗaya, a hair sili ɗaya, don haka in kika ce wa mutum your hairs are nice kamar kin zauna kin ƙirga masa su ne. Experience ƙwarewa, experiences abubuwan da suka faru da mutum. Room sarari, a room ɗaki. Duk ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, yana sa harafin C ko U kusa da suna, C ana ƙirgawa U ba a ƙirgawa, yawancinmu ma'anar kawai muke karantawa mu tsallake ɗan harafin nan alhali shi ne rabin amfanin ƙamus ɗin. Gaskiya ne miliyoyin masu jin Turanci a Afirka da Asiya suna cewa equipments kuma ana gane su sarai, ni ba na ganin wannan a matsayin jahilci, amma mai makin jarrabawa ba ruwansa da ra'ayina.

Tambaya: Salam Malam, yarona ne ɗan firamare ya tsare ni da tambaya wai me yasa foot yake zama feet amma boot baya zama beet, kuma me yasa ba'a cewa childs. Nace mishi haka turawa suka ga dama, amma naga bai gamsu ba nima kuma ban gamsu ba.

Amsa: Ɗan uwa yaron nan a riƙe shi da kyau, tambayar masana ya yi. Amsar tana cikin tarihi. Turancin da ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce yana da hanyoyin jam'i da yawa, kusan irin namu, wasu sunaye su ƙare da as, wasu da an, wasu da u, wasu su sauya wasalin ciki, wasu kuma ba sa motsi sam. Stan, wato kakan kalmar stone, jam'insa stanas ne. Wannan as ɗin ita ce a hankali ta lanƙwame sauran ta zama s ɗin da muka sani yau, su feet da children ragowar waɗanda ba ta samu ta haɗiye ba ne.

Shi feet ga yadda aka yi. Tun can da, kafin ma a fara rubuta harshen, jam'in kalmar yana ƙarewa da wata gaɓa mai sautin i. Baki kuwa ɗan gaggawa ne, tun yana kan wasalin farko ya fara shirin furta i ɗin da ke tafe, sai wasalin farkon ya gusa gaba. Daga baya gaɓar ƙarshen ta faɗi ta ɓace, aka bar wasalin da ya riga ya sauya shi kaɗai yana nuna jam'i, fot ɗaya fet da yawa. Bakwai ne suka rage a Turancin yau da kullum, man men, woman women, foot feet, tooth teeth, goose geese, mouse mice, louse lice. A da sun fi haka, book ma tana cikinsu, boc ɗaya bec da yawa, daga baya ta bi ayari ta koma books. Jamusanci da yake ɗan uwan Turanci ne har yau yana riƙe da abinsa, Mann Männer, Maus Mäuse, Buch Bücher.

Ita kuwa boot baƙuwa ce, daga Faransanci ta shigo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, lokacin wancan sauyin wasalin ya daɗe da wucewa, kuma baƙo ai layin da kowa ke bi yake bi. Mu ma haka muke yi, da mota ta zo motoci muka ce, kwamfuta kwamfutoci, ba wanda ya yi mata jam'i irin na saniya da shanu.

Children kuma jam'i biyu ne aka ɗora wa kalma ɗaya. Cild ne tilo, jam'insa ya zama cildru, ya koma childer, wanda har yanzu akan ji shi a wasu karuruwan harshe na arewacin Ingila da Ayilan, sai mutane suka daina jin childer a matsayin jam'i suka ƙara masa en irin ta oxen da brethren. Kamar dai mace, mata, sannan a zo a ce mataye. Shi ya sa childrens ta yi yawa, hawa na uku kenan. Wannan en ɗin ma da tana da jama'a, eyen ake cewa idanu, shoon takalma. Su sheep da deer kuwa tun asali ba su da wata alamar jam'i, haka suka taso haka suka tsufa, one sheep ten sheep, fish ma haka ake yi da ita sai in nau'o'in kifi ake nufi a ce fishes, aircraft da series da species duk ba sa canzawa.

In ka lura duk masu taurin kan nan kalmomin yau da kullum ne, mutum, mace, yaro, ƙafa, haƙori, abin da baki ke faɗa kullum ba ya samun damar mantuwa balle a gyara shi. Ka ce wa yaron ya ba ka jam'in akuya da tunkiya da doki da zuciya, zai ce awaki tumaki dawakai zukata ba tare da ya yi tunani ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Wanda ya iya wannan, guda bakwai na Turanci ba za su gagare shi ba. Af, na kwamfuta kuma, mice da mouses duka ƙamus ya karɓa.

Tambaya: Malam ni matsalata nasan dokar s ɗin sarai amma in ina rubutu sai in manta, oga na kullum sai ya gyara min irin su "three year" da "one of my friend". Akwai wata dabara?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a yau, don a ganina ba su feet da oxen ke kayar da mu ba, 'yar s ɗin nan ta kullum ce. Dalili biyu ne. Na farko Hausa ba ta tilasta maka jam'i in ka riga ka faɗi adadi, shekara uku, mota biyu, mutum goma, lafiya lau, adadin ya gama aikin. Turanci kuwa sai ka faɗa sau biyu, three ta nuna yawa years ma ta sake nunawa, ba ya yafewa. Na biyu kunne ne da baki. Kalmominmu kusan duk da wasali suke ƙarewa, to ka zo ga desks ko texts ko months inda baƙaƙe suka yi cunkoso a ƙarshe, sai harshe ya sauke kaya ya haɗiye s ɗin, abin da baki ya haɗiye kuwa hannu ba ya rubutawa. Saboda haka maganin ba a takarda yake ba, ka riƙa karanta abin da ka rubuta da ƙarfi kana furta ƙarshen kowace kalma har sai ka ji kamar kana wuce gona da iri.

Kuma s ɗin sauti uku gare ta. A cats da books s ce, a dogs da cars da boys z ce, a buses da boxes da churches kuma iz ce, gaɓa guda ake ƙarawa. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta zana wa ƙananan yara wata 'yar halitta mai kama da tsuntsu ta ce sunanta wug, kalmar da ta ƙirƙira da kanta, sannan ta nuna musu guda biyu ta ce su ƙarasa, yaran suka ce wugz da z, alhali ba su taɓa jin kalmar ba. Wato dokar a kunne take zaune tun kafin a san sunanta, kai ma can za ka kai ta.

One of my friend kuma Hausa ma ba ta yarda da shi ba ai, ɗaya daga cikin abokaina kake cewa ba ɗaya daga cikin abokina ba, to one of my friends, amma aikatau ɗin na mutum ɗaya ne, one of my friends is here. Ka kuma lura da yadda s ke tsallake tsakanin suna da aikatau, the boy runs, the boys run, in tana nan ba ta can. Each da every tilo suke bi, every student has.

Sai dai kar ogan naka ya sa ka zuba s ko'ina. In adadin ya koma siffanta wani abu s faɗuwa take, he is three years old amma a three-year-old boy, ten minutes amma a ten-minute walk. Five hundred people ba s, hundreds of people da s. Wajen rubutu kuma city cities amma boy boys, don y ɗin boy wasali ne a gabanta. Knife knives, thief thieves, leaf leaves, amma roof roofs, chief chiefs, belief beliefs, believes kuma aikatau ce. Hero heroes amma photo photos. Waɗannan haddace su ake yi, ba wata hikima.

Tambaya: Wando ɗaya ne a jikina, me zaisa ince trousers are?

Amsa: Saboda su ƙafafun suka ƙirga kai kuma wandon ka ƙirga. Duk abin da ke da ɓari biyu a haɗe jam'i suke ɗaukarsa, trousers, jeans, shorts, scissors, pliers, glasses na ido. My trousers are new, in za ka ƙirga ka ce a pair of trousers, two pairs of scissors. Clothes da goods da belongings ma ba su da tilo. Akwai kuma kishiyoyinsu masu s a wutsiya amma tilo ne, the news is good, mathematics is hard, haka physics da economics. Police da cattle da people ba s amma jam'i ne, the police are coming, ɗan sanda ɗaya a police officer ne ba a police ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina rubuta kundin digiri, mai duba ni ya ja layi a "this criteria" da "a phenomena", sannan shi da kansa naji yana cewa the data is. To wanne zan bi?

Amsa: Duka biyun yana da gaskiya, abin haushin kenan. Waɗannan kalmomi ne na Girkanci da Latin da suka shigo da jam'insu na gida. Criterion ɗaya criteria da yawa, phenomenon phenomena, analysis analyses, crisis crises, thesis theses, hypothesis hypotheses, waɗannan a rubutun ilimi ba a sassauta musu, kuma ƙarshen analyses siiz ake furta shi da jan wasali. Wasu an ba ka zaɓi, formulas ko formulae, indexes ko indices, curriculums ko curricula. Alumnus namiji ɗaya, alumna mace ɗaya, alumni jam'i, don haka I am an alumni da ake yawan rubutawa kamar mutum ya ce ni tsofaffin ɗalibai ne.

Data a Latin jam'in datum ce, amma yau yawancin masu Turanci sun mai da ita kamar information, the data is clear, wasu mujallun kimiyya kuma har yanzu the data are suke so. Agenda ma haka ta faro, jam'i ce a Latin, yau ta zama tilo har ta haifi agendas kuma ba mai ɗaga gira. Data na kan wannan hanyar, criteria ba ta kai ba tukuna. Ka tambayi mai duba ka wanne sashenku ke bi, ka riƙe shi daga shafin farko har na ƙarshe, abin da ba a so shi ne is a babi na biyu are a babi na huɗu.

Tambaya: Malam raba mana gardama ni da abokina. Mai sharhin ƙwallo yace "Arsenal are winning", ni nace kuskure ne tunda kulob ɗaya ne, shi yace Bature baya kuskure a yarensa. Sannan wai mother-in-laws ne ko mothers-in-law?

Amsa: Bature na kuskure a harshensa mana, je ka ga yadda wasunsu ke rubuta photo's da ɗan waƙafin sama suna nufin hotuna, alhali waƙafin nan na mallaka ne ba na jam'i ba. Amma a nan mai sharhin bai yi kuskure ba. Sunayen taro irin su team, family, government, committee, a Turancin Birtaniya ana iya ba su is in ana kallon ƙungiyar a dunƙule, a ba su are in 'yan cikinta ake kallo, kuma a harkar ƙwallo kusan kullum are suke cewa. Ba'amurke kuma the team is zai ce. Kai ka bi Amurka abokinka ya bi Ingila, kowa ya riƙe kuɗinsa in da kun sa.

Ta biyun mothers-in-law ne, s tana bin kalmar da ita ce uwar tafiyar, iyayen ne suka yi yawa ba law ɗin ba. Haka passers-by, commanders-in-chief, runners-up. Amma in gidanta kake nufi sai waƙafin ya koma can ƙarshe, my mother-in-law's house. Mai tambaya a kan "a" da "an" da "the", na ga saƙonka har sau uku, ka tara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.